Tseren bin taswira cikin unguwa: littafin aikin Yamai

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

An tsai da shawara za a yi tseren bin taswira a cikin garin Yamai kafin sanyi ya wuce: gwaji a ƙarshen Disamba, babban tsere a Janairu. Tsarin wasan sananne ne. Ɗan tsere zai tashi shi kaɗai, a miƙa masa taswira daidai lokacin tashi, ya bi tashoshin da aka zana masa ɗaya bayan ɗaya, ya huda katinsa a kowace tuta. Hanyar da zai bi tsakanin tasha da tasha kuwa, ruwansa. Asalin wasan horon sojoji ne a Suwidin, gasar farar hula ta farko an yi ta a Norwe a 1897, ƙungiyar wasan ta duniya, IOF, kuma an kafa ta a 1961. Gajeren tsere, irin wanda ake yi cikin birane, ya shiga gasar duniya a 2001 a Finlan. Ƙa'idar zanen da za mu bi ita ce ISSprOM ta 2019.

Ma'auni 1:4000 ne, wato milimita 1 a takarda mita 4 ne a ƙasa. Takardar A4 tana ɗaukar mita 840 da mita 1,188. In an cire gefe da wurin bayanin alamomi, abin da ya rage bai wuce mita 760 da 1,000 ba. Filato bai yi ba, titunansa miƙaƙƙu ne kuma ofisoshi masu gadi sun yi yawa. Kewayen Babbar Kasuwa da Katako cunkoso ya hana. An zaɓi wata unguwa a arewacin gari wadda rabinta tsohon zama ne mai lunguna karkace, rabinta sababbin filaye da aka yanka a jere. Babu babbar kwalta da ta ratsa ta, babu bariki kusa, akwai makarantar firamare mai ƙofa biyu a tsakiyarta.

Laraba, 6 ga Nuwamba

An fara zane da OpenOrienteering Mapper, manhaja ce ta kyauta. An ɗauko tituna da gine-gine daga OpenStreetMap, taswirar intanet ta kyauta, aka shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a ƙarƙashinsu. Ba su hau juna ba: gine-ginen sun goce yamma da kusan mita 6. A takarda milimita ɗaya da rabi ke nan, faɗin lungu guda cur. An zaɓi wurare huɗu da suka fito sarai a hoto, kusurwar masallaci, gindin tankin ruwa da kusurwoyi biyu na katangar makaranta, aka auna tsakaninsu da igiyar awo. Hoton ne ya yi daidai, sai aka tura sauran zanen ya hau kansa.

Layukan arewa, masu nuna inda arewa take a takarda, an ja su da tazarar milimita 30, mita 120 ke nan. Bambancin arewar kamfas da arewa ta gaskiya a Yamai bai kai digiri ɗaya ba, don haka ba a juya taswirar ba. Layukan tudu, masu nuna hawa da gangarar ƙasa, na mita 2 ne, uku kacal suka fito, duk a gangaren da ke sauka zuwa kwazazzabon kudu.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

An je gaida mai unguwa da goro, aka nuna masa zanen farko. Ya daɗe yana dubawa, ya gano gidansa da kansa, sannan ya ce: "Ƴaƴana, gudu ba laifi ba ne. Amma kada in ji an ce wani ƙato ya faɗa wa matan mutane tsakar gida yana haki." Aka ce, "Baba, duk gidan da ke unguwar nan za a shafe shi da launin da ya hana shiga, wanda ya shiga ya faɗi tsere." Ya ƙara da harabar masallatai, ya kuma ce ban da Juma'a. An rubuta takardar sanarwa zuwa ofishin gunduma da ofishin ƴan sanda. Shugaban makaranta ya yarda a ratsa harabarsa ranar Lahadi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Aikin ƙafa. Abin da hoton sama ya ɓoye ya fi abin da ya nuna, domin inuwar dogon yaro ta rufe katangu da bakin lunguna da yawa. Ana bin kowane layi da kwafin zane an ƙara girmansa zuwa 1:2000, da fensir, ana rubuta abu guda a kan kowane shinge: ana ƙetarewa ko ba a ƙetarewa. A tseren cikin gari wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta. Alamar da ta ce ba a ƙetarewa doka ce, ba ta damu da ko mutum zai iya ba. Saurayi mai ƙarfi zai dire katangar mita ɗaya da rabi ba tare da ya rage gudu ba, amma in an zana ta da baƙin layi mai kauri, direwar ta fitar da shi.

Ga abin da aka yanke, don masu zanen su tafi a kan magana ɗaya. Duk katangar gida ko ta makaranta layi mai kauri ce, ko gajeruwa ce. Cikin gidaje da lambuna kore mai ruwan zaitun, wanda matsayinsa ɗaya da "ba a shiga" da ake rubutawa a ƙofar zaure. Gini ruwan toka mai duhu, ba a ratsa shi. Rumfar da ake wucewa ƙarƙashinta ruwan toka mai haske. Rumfar da ke da kaya ko injin niƙa a ciki an mai da ita gini. Dangar kara da ta zana sun tafi a matsayin shingen da ba a ƙetarewa, domin wanda ya tura su zai wuce, mai gida kuma zai biyo mu da ƙara.

Kangaye ne suka jawo gardama. Akwai filaye da yawa da aka ɗora wa bulo layi uku ko huɗu aka bari, yara sun yi hanya ta ciki. Wasu na ganin a bar su a buɗe tunda kowa na bi. An rufe su duka da ruwan zaitun: suna da masu su, akwai guntayen rodi a tsaye cikin ciyawa, kuma baƙon da ya zo daga Harobanda ba zai san wanne ne ke da mafita ta baya ba, ɗan unguwa kuwa ya sani. Haka aka yi da wani gidan haya mai ƙofa biyu da maƙwabta suka mayar hanya.

Lambatun siminti da ya bi babban layi faɗinsa ya ɗara mita ɗaya, buɗe yake. An zana shi shuɗi da baƙin gefe, ba a tsallakewa, aka nuna wurare biyar da aka ɗora masa murfi. Lungunan da ba su kai mita ɗaya ba matsala ce ta daban. Ƙa'ida ta ce ratar da ke tsakanin abubuwa biyu da ba a ƙetarewa kada ta gaza milimita 0.4 a takarda, wato mita 1.6 a ƙasa. Lungun santimita 90 ko dai a faɗaɗa shi a zane, a ci daga jikin gine-ginen gefe, ko a rufe shi gaba ɗaya. An faɗaɗa shida, an rufe biyu da kwata ke gudu a cikinsu. Teburin mai shayi, tulin yashi, jibgin bulo da matacciyar mota ba sa shiga taswira, gobe ba lallai a same su a wurin ba.

Talata, 19 ga Nuwamba

An gama ɓangaren gabas. An sa manyan itatuwa da ƙaramin da'ira kore, an sa famfunan unguwa da rijiya. Layukan da yashi ya cika an yi musu alamar yashi, rawaya mai ɗigon baƙi, saboda gudu a cikinsu ba ɗaya ba ne da gudu a kan jar ƙasa.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Gwajin bugu. Firinta mai tawadar ruwa ta fita daga lissafi tun a takarda ta farko, yatsa mai gumi ya shafe rabin unguwa. Ta leza ce kawai za ta yi, ita ma da gyara. Ruwan zaitun ya fito kusa da rawayar fili, abu mafi muni da zai faru ke nan, tunda ɗaya na cewa shiga ɗaya na cewa kada ka shiga. Ruwan tokar gini kuma ya yi duhu har baƙar katangar da ke manne da shi ta ɓace. An buga jerin ƴan murabba'ai na kowane launi, daga mai haske zuwa mai duhu, aka fita da su rana aka zaɓa. Hasken cikin shago ba abin dogaro ba ne.

Wani abu da ke shigewa ba a lura ba: injin ya rage girman shafi da kansa don ya shiga takarda. Da aka ɗora rula, tazarar layukan arewa ta ba da milimita 29 maimakon 30. Daga yau duk bugu sai an kashe wannan ragin, kuma sai an auna takardar farko kafin a ci gaba. Za a yi wa yara da waɗanda suka haura hamsin tasu a 1:3000. Kuɗin gwaji jikka 3.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Tutoci 16 sun fito daga wurin tela. Kowace fuska uku gare ta, kowace fuska santimita 30 da 30, an raba ta daga kusurwa zuwa kusurwa, fari a sama, ruwan lemo a ƙasa. Yadi mita 2 na kowane launi ya isa. Mai walda ya lanƙwasa waya mai kusurwa uku, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don kada iska ta naɗe tutar.

Lambobin tuta sun fara daga 31, kamar yadda dokar IOF ta ce, don kada a rikita lambar tuta da lambar jerin tasha. An tsallake irin su 66, 68, 86, 89 da ke canzawa in an juya su. Na'urorin lantarki irin SPORTident da ake amfani da su a manyan gasa sun fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka an ba mai sassaƙa hatimi ya yi 16 na buga wa kati, kowanne da siffarsa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Hatiman ba su yi ba. An bar soson tawada a buɗe a jikin tuta da safe, kafin awa ɗaya iskar hunturu ta busar da shi, ƙura ta hau kai, abin da ke fita a kati tabo ne da ba a bambance tauraro da wata. In an rufe soson, buɗewa da rufewa na cin daƙiƙoƙi kuma murfin na faɗuwa. An koma ga matsin shanya na katako: a kafa ƙananan ƙusoshi uku zuwa biyar a leɓe ɗaya, a huda ramukansu a ɗaya leɓen, kowane matsi da tsarinsa. A ɗaure da igiya mai tsawon santimita 40. Katin ya zama na kwali mai kauri, takardar rubutu yagewa take yi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Tsara hanyoyi da manhajar Purple Pen. Doguwa tasha 14, kilomita 3.1, gajeruwa tasha 9, kilomita 1.7. A tseren gari ba a auna tsawo da miƙaƙƙen layi, ana bin mafi gajeruwar hanyar da doka ta yarda da ita. Ƙwararrun duniya ana tsara musu minti 12 zuwa 15. A yashinmu, da mutanen da ba su saba ba, ana sa ran na farko zai yi 17 zuwa 20.

Ba ɓoyon tuta ake yi ba. Wanda ya iso tsakiyar da'ira ta hanyar da ta dace dole ya ga tutar. Gwanintar tana cikin zango: hagu ko dama, ta makaranta ko ta bayanta, gajeruwa mai lanƙwasa bakwai cikin yashi ko doguwa miƙaƙƙiya a kan jar ƙasa. Zangon da hanyoyinsa biyu suka zo daidai da juna bai gwada kowa ba, wanda bambancinsa ya fito fili shi ma haka. Abin nema shi ne a sami bambancin mita 30 zuwa 60 da sai mai karatu da kyau zai gani. Zango na 6 zuwa 7 shi ne mafi tsawo: ta cikin makaranta mita 310, ta zagaye mita 420.

An matsar da tasha biyu da suka kusanci juna. Dokar gajeren tsere ta ce kada tazarar gudu tsakanin tutoci ta gaza mita 25, ta miƙe kuma kada ta gaza 15. An cire wata da aka so sawa a jikin gajeruwar danga, domin mai dogon hannu zai miƙa ta sama ya huda daga ɗaya gefen. Doka ta hana hakan, amma gara kada a ajiye wa mutum jarabawar da ba wanda zai gani.

Zanen hanya da launin shunayya ne: alwatika wurin tashi, da'ira mai faɗin milimita 6 a kowace tasha, da'ira biyu a ƙarshe. Duk inda da'ira ko layi ya hau kan bakin lungu ko ƙofa, an yanke shi a wurin. Takardar bayanin tashoshi mai gida takwas an cika ta da alamomin duniya, an ƙara fassarar Hausa da Faransanci a gefe. Gida na bakwai shi ne mai muhimmanci a nan, shi ke faɗin gefen da tuta take: kusurwar katanga ta ciki ko ta waje. Wanda ya tsallake shi zai iya tsayawa taku biyu daga tuta, katanga a tsakaninsu, zagayen mita 200 a gabansa.

Asabar, 14 ga Disamba

Darasin karatun taswira, a wata unguwa dabam don kada a taɓa ta tsere. Abu na farko shi ne daidaita takarda da ƙasa. Kusan kowa a nan da alƙibla yake gane gabas, kuma nan ne kuskure yake shigowa: alƙiblar Yamai tana wajen digiri 72 daga arewa, gabas ta gaskiya kuwa 90. Wanda ya daidaita taswira da fuskar masallaci ya karkace da digiri 18, abin da ya isa ya shigar da shi lungun da ba shi ba a mahaɗar da hanyoyi biyar suka haɗu. Kamfas ma yana ƙarya kusa da ƙofar ƙarfe, mota ko taransfoma. Cikin gari jikin katangar da kake tsaye kusa da ita ta fi su duka: juya takarda har layin katangar ya kwanta daidai da ita.

Sai naɗe takarda ta zama ƙarama, babban yatsa a kan inda kake, yana tafiya kana tafiya. In ka sha kwana, kai ne za ka zagaya takarda, ita tana nan tana kallon arewa. Zaɓin hanya ana fara shi daga tasha a dawo baya: ta ina ake shiga wurin tutar, sannan wace hanya ce ke kaiwa bakin nan. A miƙaƙƙen layi, inda ƙafa ba ta bukatar ido, nan ake karanta zango na gaba.

Kurakurai biyu ne suka fi maimaituwa. Ɗaya, fita daga tasha ta bayan inda ya kamata, saboda an saki yatsa lokacin huda kati. Biyu, ɓata a sababbin filaye inda layuka suke kama da juna. Maganinsa ƙidaya mahaɗa da baki, da riƙe abu guda da ya bambanta layin, famfo ko babbar bishiya. Huda kati ba tare da duba lambar tuta ba ya kama mutum huɗu a darasi.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun ranar Jamhuriya, an zauna an rubuta dokoki a shafi ɗaya. Tashi minti ɗaya-ɗaya. Waɗanda ba su tashi ba suna killace a harabar wani gareji, ba waya a hannu, kuma wanda ya gama ba ya komawa wurinsu. Ana karɓe taswirarsa har sai na ƙarshe ya tashi. Ba a tambayar hanya, ba a nuna wa wani, ba a manne wa wani a baya. Agogo ko waya mai nuna taswira ba ta shiga. Wanda ya ga an ji rauni ya tsaya, wannan wajibi ne. Wanda ya fasa ya zo wurin ƙarshe ya faɗa, in ba haka ba za a bazama nemansa. Ƙorafi a rubuce ga shugaban tsere. Wanda hukunci bai gamsar ba yana da minti 15 ya kai ga alƙalai uku, ba kuma mai tsara hanya a cikinsu.

A ƙasashen da wasan ya kafu ana haramta wa ƴan tsere shiga wurin gasa tun watanni kafin ranar. Ba za a hana mutum unguwarsu ba, saboda haka mazauna unguwar za su yi tsere amma jerin sakamakonsu dabam ne.

Taimakon ƴan kallo ba ƙaramin abu ba ne. A wasannin sojojin duniya na 2019 a Wuhan an soke sakamakon ƴan wasan ƙasar Sin a tsere mai matsakaicin zango bayan an tabbatar ƴan kallo sun taimaka musu kuma sun bi hanyoyin da aka yi wa alama tun da farko. Namu ƴan kallon yara ne, ba da mugun nufi ba za su bi mutum suna "ga ta can, ga ta can!" An ba fadar samarin unguwa aikin gadin tutoci, kowace tuta mutum ɗaya, zaune nesa da ita taku goma don kada shi kansa ya zama alama.

Lahadi, 22 ga Disamba

Tseren gwaji. Mutum 31, 19 a doguwa, 12 a gajeruwa. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 7, an kafa tutoci da fitila, na farko ya tashi 7:30. Matsin shanya sun yi aiki, ɗaya ne ƙusarsa ta lanƙwashe. Mafi sauri a doguwa ya yi minti 18 da daƙiƙa 42.

Zango na 6 zuwa 7 ya lalace. Wajen 7:50 awaki suka shiga harabar makaranta suka nufi ƴan itatuwan da aka dasa, mai gadi ya kore su ya ja ƙofar kudu ya sa sakata. Aikinsa ya yi. An gaya masa a bar ƙofa a buɗe, ba a ajiye kowa a bakinta ba. Mutum 11 sun riga sun wuce. Takwas na baya sun shigo ta arewa, suka ratsa fili, suka tarar da ƙofa a rufe. Biyar suka juya suka zagaya, asarar kusan minti ɗaya da rabi. Uku suka kama katanga suka dire.

A gajeruwa kuma wani saurayi ya ratsa gidan hayan nan mai ƙofa biyu tsakanin tasha ta 4 da ta 5. Mai gadin tuta ta 5 ya gan shi yana fitowa. Da aka kira shi bai musa ba: "Malam, ai ƙofar a buɗe take. Inna ma tana wanke-wanke ta ce in wuce." Aka nuna masa wurin a taswirarsa, ruwan zaitun ne, layi mai kauri ya kewaye shi ba tsaga. Ya ce ya gani.

Talata, 24 ga Disamba

Alƙalai sun zauna. Batun saurayin bai ɗauki lokaci ba: an soke sakamakonsa. Izinin matar gida ba ya buɗe abin da taswira ta rufe, domin sauran 11 da suka ga launin suka zagaya ba su sami wannan izinin ba. Sakamakon gajeruwa ya tsaya.

Doguwa ce ta ja magana. Masu dire katanga sun ce taswira ce ta fara saɓa alkawari, ta nuna ƙofa a buɗe. Gaskiya ne, amma ba ta nuna katangar a buɗe ba, kuma biyar da suka juya sun nuna akwai abin yi ban da direwa. An rubuta ukun a matsayin waɗanda suka karya doka. Sai shawarar da aka fi so a wurin, a cire lokacin zangon daga na kowa a tara sauran. Ba ta yiwuwa ta fuska biyu. Katin kwali ba ya riƙe lokacin kowace tasha. Ko da yana riƙewa, dokar IOF ta ce sakamako na dukan hanya ne, ba a gyara shi da lokutan zango. Dalilin a fili yake: wanda ya yi ƙarin mita 200 ya shiga sauran zangon da gajiyar da na gaba ba su ɗauka ba, wanda kuma aka cimmasa a bakin ƙofa ya sami abokin gudu da bai kamata ya samu ba. An soke sakamakon doguwa gaba ɗaya. Mai minti 18 bai ji daɗi ba, yana da hujja, sai dai ba a ba da lamba a tseren da mutum takwas suka gudu a wata unguwa dabam da ta sauran.

Gyaran da ya biyo baya: duk ƙofar da wani zango ya dogara da ita za a ɗaure ta a buɗe da sarƙa da kwado, a ajiye mutum, shi zai kori awaki. Inda ba a sami mutum ba, a zana ƙofar a rufe ko da a buɗe take. Gidan hayan za a ja masa kirtani ja da fari a ƙofofin biyu, an kuma matsar da tasha ta 5 yadda ratsa gidan ba zai rage ko mita ɗaya ba.

Asabar, 28 ga Disamba

Lissafi. Yadi jikka 4, tela 8, waya 4, hatiman da aka ajiye 8, matsi da ƙusa 3, gwajin bugu 3, taswira 40 a kan dala 60 kowace jikka 12, ledar saka taswira 2, kirtani 3, ruwa 2, goro 2, shayin masu gadi 3. Jimla jikka 54. Manya 24 sun biya dala 100 kowanne, jikka 12. Yara bakwai kyauta. Giɓin jikka 42 an raba shi tsakanin masu shiri. Tutoci da matsi sun zama jari, tsere na gaba bugu da kwado biyu ne babban kashinsa.

Hankalin gari ya koma kan kokawar takobi, ba a sa wani aiki a wannan makon ba.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

An sake tsara doguwa daga tushe tunda mutum 19 sun ga ta farko: tasha 15, kilomita 3.2, makaranta yanzu ana ratsa ta daga kudu zuwa arewa. An bi kowane zango da ƙafa, ta kowace hanya da mai hankali zai iya zaɓa. An sami sabon tulin bulo ya toshe rabin wani lungu, ana wucewa. An sami sabuwar danga a bayan famfo, ta shiga zane.

Bugu ba zai wuce kwana uku kafin tsere ba, ga dalili. Mai unguwa ya aiko cewa an haihu yau da asuba a layin da ke tsakanin tasha ta 3 da ta 4. Suna zai faɗo Lahadi 12 ga wata, ranar tsere, kuma da sassafe ake kafa rumfa a jera kujeru a tare layin daga katanga zuwa katanga. An shafe wannan yanki da shunayya a matsayin wurin da aka rufe na ɗan lokaci. Da aka rufe shi, zangon ya rage hanya ɗaya tak, don haka tasha ta 4 ta koma kusurwar tankin ruwa ta arewa maso gabas: ta hagu mita 240, ta dama 285. Biki da suna ana sanin su tun da sauran lokaci, zaman makoki ba a sani. Saboda shi za a ajiye alƙalami mai launin shunayya a wurin tashi, mutum biyu su zaga da babur ƙarfe 6:30, in an sami layin da aka tare a gyara duka taswirori da hannu kafin kowa ya tashi, ko a ɗaga tashin da rabin awa.

Saura: sayen sarƙa da kwado, sunayen masu gadin ƙofa biyu da mai jiran lambatu, tunatar da ofishin ƴan sanda ranar Laraba. Bugu ranar Alhamis, taswira 60, 15 daga ciki a 1:3000.